Daga Kwari Zuwa Sabon Gari: Inda Jakada Ke Bin Sawun Ɗan Kasuwa

Da hantsi na sauka daga adaidaita-sahu a bakin Kantin Kwari, 'yan dako na ta kinkimar dilolin atamfa da shadda suna neman hanya. Tambaya guda ce ta fito da ni. Ƙasar Labanon faɗinta murabba'in kilomita 10,452 ne kacal, kusan rabin jihar Kano, amma wakilci uku gare ta a Najeriya: ofishin jakadanci a Abuja, ƙaramin ofishi a Legas, ga wani nan Kano. Me take nema?

A nan Fagge ta Kudu amsar take. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, nan Turawan mulki suka yanka wa Kwarori, wato 'yan Labanon, filaye, kanti a gaba, gida a baya. Lokacin garuruwansu na hannun Turkiyya, daga baya Faransa ta karɓa, sai a 1943 Labanon ta sami 'yanci. Ke nan ɗan kasuwa ya riga jakada isowa da aƙalla shekara talatin.

"Baba, barka da kasuwa," na ce wa wani dattijo mai sayar da yadi. Ya amsa, ya matsa mini a benci. Ya ce a wajen wani ɗan Labanon ya yi yaron kanti, kuma Hausar maigidan nasa ko a cikin birni sai haka. Yau Kwari ta koma hannun 'yan ƙasa da kayan Sin, da yawa daga jikokin waɗancan mutane kuma sun koma masana'antu a Bompai da Sharaɗa.

Na bi ta titin Bairut, wanda yanzu masu waya suka cika shi maƙil, na miƙe zuwa Bata na shiga Sabon Gari, unguwar da ita ma don baƙi aka kafa ta. A wata rumfar mai lemo na zauna na buɗe jerin ofisoshin Labanon a waya. Dakar, Konakiri, Firitawun, Monrobiya, Abijan, Akara: duk garuruwan da kantunansu suka yi ƙarfi. A Burazil, inda zuriyarsu ta fi yawa, ban da ofishin babban birni akwai na Sawo Polo da na Riyo. Manyan ƙasashe suna buɗe ofishi don faɗa-a-ji; ita wannan mutanenta take bi, shi ya sa ma'aikatarta ta harkokin waje ke ɗauke da sunan 'yan ci-rani.

Aikin ofisoshin na takarda ne: sabunta fasfo, rajistar aure, haihuwa da mutuwa. Rajistar haihuwar nan ba wasa ba ce. Dokarsu ta 1925 ta ce ta wajen uba kaɗai ake gadon zama ɗan ƙasa. Wanda ubansa ɗan Labanon ne, uwarsa Bahaushiya, yana da haƙƙin fasfo ko bai taɓa ganin Bairut ba. Wanda uwarsa ce 'yar can, ubansa Bakano, ba shi da shi. A ganina wannan zalunci ne, kuma matan ƙasar sun daɗe suna yaƙi da shi.

Riƙe irin wannan zube na ofisoshi sai da kuɗi. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe daga 2019, har sai da ma'aikatar ta nemi jakadunta a farkon 2022 su nemo masu taimako daga cikin 'yan ƙasar mazauna waje, don biyan kuɗin gudanarwa. Kura ta koma neman abinci wajen akuya, in ji wani da ke kusa da ni da na karanta masa labarin.

Duk da haka, a 2018 da 2022 Labanon ta kafa akwatunan zaɓe a ƙasashen waje, 'yan ci-raninta suka zaɓi 'yan majalisa daga inda suke. Mu kuwa, Bakanon da ke Jidda ko Kartum ko Akara har yau ba shi da inda zai jefa ƙuri'a sai ya dawo gida. Wannan aiki yana gaban Majalisar Tarayya.