"Ina Kake Hangen Kanka Nan da Shekara Biyar?"

Duk wanda ya taɓa zama gaban masu ɗaukar ma'aikata ya san wannan tambaya, ya kuma san amsar da ake haddacewa tun daga gida: manaja, shugaban sashe, darakta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da yawa daga masu faɗin haka ba shi ne a ransu ba. Tsoro ne kawai, kar a ce musu ragwaye.

Ku dubi malamin makaranta. Akwai wanda Allah ya hore wa baiwar koyar da lissafi, yaron da ya gagari kowa in ya zo hannunsa sai ka ga kansa ya buɗe. Ladan da tsarinmu ya tanadar masa shi ne a cire shi daga aji a ba shi hedimasta, daga nan ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ya ƙare a cike takardu da sasanta rigingimu. Yara sun rasa malami, ofis kuma ba lallai ya samu shugaba ba. Tun a 1969 wani masanin ilimi ɗan Kanada, Laurence Peter, ya yi littafi a kan haka: ana ta yi wa mutum ƙarin girma saboda ya iya aikin da yake yi, har a kai shi kujerar da ta fi ƙarfinsa, a bar shi a can.

Dokar da aka sa wa hannu a Najeriya a 2022 ta ba malamai damar aiki har su kai shekara 65, ko su cika shekara 40 a bakin aiki. Mutumin da ya ce zai iya shafe wannan tsawon lokaci gaban allo da zuciya ɗaya, ta yaya za a ce ba shi da buri? Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wata tana jinyar mahaifiyarta, wani yana da gona, wani da yamma yana koyarwa a Islamiyya, kuma duk sun san iyakar nauyin da za su iya ɗauka.

Na san aiki ya yi wuya, kuma akwai wuraren da faɗin gaskiyar cewa ba ka neman shugabanci zai sa a ajiye takardunka gefe. Ban raina wannan fargaba ba. Amma ƙanina, ƙanwata, akwai yadda ake faɗa. Kada ka ce "ni dai albashi nake nema, a rufa mini asiri." Ka ce: "Ranka ya daɗe, nan da shekara biyar ina so in zama wanda in aikin nan ya rikice ni za a kira. Shugabanci ba ya gabana yanzu, ƙwarewa nake nema." Sannan ka faɗi abin da kake son koyo, da sunansa. Mai hankali a cikin masu ɗaukar ma'aikata zai gane ya samu wanda ba zai tsere masa bayan wata shida ba.

Ku kuma masu yin intabiyu, muddin ƙarin albashi na ɗaure da kujerar shugabanci, amsar hadda za ku ci gaba da ji. Ku buɗe hanyar da malami ko nas ko makaniki zai samu ƙari yana nan a kan aikin hannunsa.