Kaka a Wurin Baffana Bamaguje

Ɗan birni idan ya ji an ce kaka ta yi, abin da ke zuwa masa a rai shi ne arhar gyaɗa da dankali, da kiɗan kalankuwa, da 'yan dambe, da aure a kowane lungu. Baffana, ƙanen mahaifina, ba haka yake kallonta ba. Ya rayu ya mutu Bamaguje a wani ƙauye kan iyakar ƙasar Kano da Ningi, kuma a wurinsa kaka lokacin taka-tsantsan ne. Yakan ce gona ta haihu ta kwanta jego, kuma mai jego ba a yi mata hayaniya.

Mahaifina ya musulunta a zamanin da Sardauna ke yawon musuluntar da mutane, wajen 1964, daga baya muka tattara muka dawo Bauchi. Nan na yi karatun allo, nan na shiga fataucin hatsi, nan kuma na tsufa. Amma kowace shekara akan tura ni gidan Baffa in taya shi girbi, kuma ina yaro abin da nake gani a can yakan ɗaure mini kai. Za a yanke gero a ɗaure damma a jibge a bakin rumbu, yunwa na cin yara, amma babu wanda ya isa ya gasa ko zangarniya ɗaya. Sai ranar da Baffa ya sa ta zo. Da la'asar sakaliya zai ɗauki jan zakara da 'yar ƙwarya ta sabuwar giya ya nufi gindin tsamiyar da ke bayan gida, ya tsuguna, ya yanka, ya zuba, yana magana ƙasa-ƙasa da iskar da suke kira Uwar Gona, ya kuma ambaci iyayensa da suka riga mu. Idan ya dawo ba ya dariya. Zai wanke hannu ya ce, "To, Tanko, yanzu ku ci."

Ni Musulmi ne, kuma yanka ga wanin Allah shirka ne, ban taɓa shakkar wannan ba. Na sha faɗa masa da na girma, shi kuma ya ce ai shi ma ya san da Allah, sai dai iskoki sun fi kusa da gona. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, da ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya fitar da littafi a 1946, ya tarar da irin wannan tunani: sun yarda da Allah a matsayin mahalicci, amma hulɗar yau da kullum da iskoki suke yi. Abin da takarda ba za ta nuna maka ba shi ne yadda Baffa yake sauyawa idan hunturu ya kama. Dare ya yi tsawo, hazo ya rufe rana har ka iya kallonta ido da ido, kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara. A irin wannan lokaci Baffa yakan rage magana. Yana kwana kusa da rumbu, yana biyan bashi, yana aika wa wanda suka yi faɗa da shi a damina a kan iyakar gona da damin dawa. Ya yi imani cewa shekara ce ke mutuwa, kuma matattu suna matsowa kusa da gida su ga yadda aka riƙe abin da suka bari. Wanda ya shiga sabuwar shekara da gaba ko da bashi, in ji shi, ya ba su kunya.

Ba Maguzawa kaɗai ba ne. 'Yan bori ba sa taɓa sabuwar kabewa sai an yi bikin shan kabewa. Sayawan Tafawa Ɓalewa da Bogoro har yau suna bikinsu na girbi, ko da yake mafi yawansu sun zama Kirista. Can Turai ma mutanen Ailan na dā suna ganin ƙarshen Oktoba ne lokacin da matattu ke kusantar rayayyu. Da alama duk manomin da ya ga ƙasa ta bushe bayan ta ciyar da shi, sai ya tuna kabari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dokar rumbu. Bayan an zuba hatsi an liƙe baki da laka, babban rumbun gandu ba a buɗe shi sai an koma gona da damina. Matan gida kowace ta ci daga nata ɗan rumbun. A farin 1973, lokacin da gidaje da yawa suka koma cin tafasa da rama, gidan Baffa bai rasa tuwon dare ba, har ya aiko mana da buhu nan Bauchi, mu da muka bar addininsa. Mahaifina ya karɓa bai ce uffan ba, amma na ga idonsa ya kaɗa.

Yau kuwa? Je ka kasuwar Muda Lawal a watan Nuwamba ka gani. Manomi daga Soro ko Liman Katagum zai sauke masararsa tun ba ta gama bushewa ba, ya karɓi kuɗi ya sayi babur ko ya ƙara aure. A watan Yuli shi ɗin ne zai dawo yana neman tiya biyu bashi, a farashin da ya kusa ninka wanda ya sayar. Mu 'yan kasuwa da wannan gaggawar muka gina gidaje, ba na ɓoyewa. Wasu manoman kuma tun hatsin na tsaye a gona sun ci kuɗinsa, ga bashin taki. Zakkar ma, wadda Allah ya ce a fitar ranar girbi, sai a yi ta ja da ita har rumbu ya yi ƙasa.

Wannan shi ke ba ni haushi. Baffa da tsoron iska ya iya kame hannunsa daga abin da ya noma da guminsa. Mu muna da Littafi, muna da labarin Annabi Yusufu da ya umarci a bar hatsi cikin zangarniyarsa saboda shekarun yunwa, muna jin tafsirinsa kowane azumi, amma hunturu bai kai rabi ba rumbu ya zama ɗakin kaji.

'Ya'yana manoma, bana idan kun yi girbi ku fara fitar da zakka, ku biya wanda kuke riƙe da haƙƙinsa, ku ware na cin gida har zuwa sabon hatsi ku liƙe bakinsa. Abin da ya saura, shi za ku kawo mana kasuwa.