Daminar da Muka Koma Ɗalibai

Shekara huɗu ina koyar da fiziks a sakandare kafin a tura ni Zariya kwas na dogon hutu, a farkon shekarun 1980, lokacin tsarin 6-3-3-4 bai kai ga shafe HSC ba. Shirya mu za a yi mu riƙe manyan ajujuwa, masu HSC da masu IJMB. Da girman kai na tafi. Littafin Abbott yana kaina kamar karatun allo, na kuma ɗauka na Nelkon da Parker ƙarin shafuka ne kawai.

Malaminmu Ba'indiye ne, irin waɗanda suka cika makarantun Arewa a zamanin. Ranar farko bai taɓa alli ba. Ya miƙa wa kowa zare da ɗan dunƙulen ƙarfe da agogon ƙidaya, ya ce mu auna ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. Muka dubi juna, wannan ai aikin 'yan aji huɗu ne. Zare mita ɗaya, lilo ɗaya zuwa da dawowa kusan daƙiƙa biyu, a ƙirga ashirin, a raba. Kafin la'asar kusan kowa ya kawo 9.8 cif.

Ya bi takardunmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce hannun ɗan Adam ba ya danna agogo daidai haka, balle hannu goma sha biyu. Gaskiyarsa. Mun san amsar tun daga gida, sai muka ɗan gyara alƙaluman su je inda muke so, kamar yadda muka saba koya wa yara (Allah Ya yafe mana). Mutum ɗaya ne ya rubuta 9.6, wani malami mai shiru-shiru da ya zo daga ƙauye, ya kuma bayyana cewa daga saman dunƙulen ya auna zaren, ba daga tsakiyarsa ba. Takardarsa aka liƙa a allo.

Sauran makonnin kan kuskuren awo suka ƙare: nawa ne, daga ina ya shigo, yaya ake faɗinsa ba kunya. Da dare ruwa na dukan kwano, mu kuma muna kan jadawali da fitilar ƙwai, ana gardama kan inda layi ya kamata ya ratsa.

Da na koma makaranta, yaron farko da ya kawo mini 9.8 na ce ya ɗauko zarensa mu sake tare. Muka sami 9.5.