Sulhu Tsakanin Kyanwa da Tukwanen Shuka

Kyanwa maciyar nama ce, amma takan tauna ganye, kuma duka ba ya raba ta da wannan ɗabi'a. Damuwata ta wuce asarar shuka: furen lili, ko kaɗan ta ci, yana iya lalata mata ƙoda har ta mutu. Shi ya sa ba ya shiga gidana. Sauran tukwanen nakan zuba musu ɓawon lemun tsami, domin ba ta son warinsa. Barkono kuwa na guje shi, saboda yana ƙona ido. Dabarar da ta fi ita ce in shuka mata alkama a tukunyarta. Cikin kwana goma ta tsiro, kyanwar ta samu rabonta, ta bar mini nawa.