Abin da zaurukan Kano suka koya mini game da manyan kamfanoni

Na yi aikin ɗiga wa yara maganin shan-inna gida-gida a birnin Kano, bayan da a 2004 gwamnatin jiha ta janye dakatarwar da ta yi wa rigakafin. Ba ko'ina ake karɓarmu ba. Wani gidan a ce maigida ba ya nan, wani a ce maganin yana hana haihuwa. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce tambayar da dattawa kan yi mini a zaure: "Yarinya, kin manta abin da ya faru a Asibitin Zana?"

Babu wanda ya manta. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. Ana cikin wannan masifa kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Zana, a gwajin da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, kuma ya nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da dama suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Daga baya aka gano cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata.

Ba wannan kaɗai ya jawo ƙin rigakafi ba, akwai siyasa da jita-jita. Amma jita-jita ba ta yin saiwa sai ta sami ƙasar da aka riga aka nome mata. Mu da ba mu da alaƙa da wancan gwaji mu aka rufe wa ƙofa, yaran da ba a haifa ba a 1996 su suka shanye. Tun lokacin na fahimci cewa shawarar da daraktocin kamfani suka yanke a wata nahiya tana iya gurgunta ɗan wani a Fagge.

Na kuma ga iyakar abin da kuɗi ke gyarawa. A 2009 aka yi sulhu da jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta. Shekara 15 ke nan uwa tana jira, sannan a ce ta kawo hujjar cewa ɗanta nata ne! Wannan har yau yana ƙona mini rai.

Shi ya sa yanzu idan babban kamfani ya zo unguwarmu da rijiyar burtsatse ko buhunan shinkafar azumi, nakan yi godiya, don ruwa ruwa ne. Sannan in tambayi wakilinsu abin da ya shafi ainihin sana'arsu. Wa ke sa musu ido wanda ba su ke biyansa albashi ba? An yi wa mutane bayani da Hausa kafin su dangwala yatsa? Idan wani ya cutu, ofishin wa zai je, a Kano yake ko sai an haye teku? Kaɗan ne daga cikinsu ke zuwa da amsar tambaya ta ƙarshe a shirye.