Ƙasar da Ƙato Ke Ja da Baya Idan Usur Ya Yi Ƙara

Daga Manchester zuwa Leeds tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Jirgin yakan kutsa wani dogon rami da aka haƙa a ƙarƙashin tsaunukan Pennine, ya ɓullo a yankin Yorkshire, inda garuruwa ke kwance cikin kwari, gidajensu na dutsen da hayaƙi ya rine, ga dogayen bututun tsofaffin masaƙun ulu sun miƙe sama amma wuta ta daɗe da mutuwa a ƙarƙashinsu. Da muka iso Huddersfield sai ɗan yayana, wanda karatu ya kai shi can, ya ce, "Bappa, mu sauka, akwai abin da zan nuna maka."

Ashe otel ne, kuma a rufe, daf da ƙofar tasha. Sunansa George Hotel. A cikinsa ne ranar 29 ga Agusta 1895 aka yi zaman da ya sa ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka ɓalle daga hukumar wasan zari-ruga ta ƙasar. Rigimar ta kuɗi ce. 'Yan wasan arewa leburori ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa, kuma ranar Asabar ranar aiki ce, duk wanda ya tafi fili an yanke masa lada. Ƙungiyoyinsu suka nemi a bar su su biya ɗan wasa abin da ya rasa. Masu hukumar, 'ya'yan masu hali waɗanda ba su san yankan lada ba, suka ce wasa don nishaɗi ake yi, karɓar kuɗi abin kunya ne. Sai na arewa suka kama gabansu. Da yake kuɗin ƙofa ne ke riƙe da su, dole su gyara wasan yadda zai ja 'yan kallo: a 1906 suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13, a 1966 suka ƙayyade yawan kamu zuwa huɗu, a 1972 suka mai da shi shida. Ke nan wasa ne da bai taɓa jin nauyin sauya dokarsa ba, kuma mutanensa tun fil azal ma'abota gardama ne.

A filin Headingley na Leeds na fara ganinsa ido da ido, wani daren Juma'a, cikin sanyin da sai da na ɗora babbar riga a kan suwaita. Tsarin ba wuya. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, a hannu ake gudu da shi, kuma ba a miƙa wa ɗan'uwa shi sai ta baya ko ta gefe. Abokan hamayya su kama ka su kayar, ka tashi ka tura ƙwallon baya da tafin ƙafa, a ci gaba. Idan aka kayar da ku sau shida ba ku kai gaci ba, ƙwallo ya koma hannun su wancan. Wanda ya dangwala shi a bayan layin abokan hamayya ya ci maki 4, bugun da ke biyo baya maki 2. Minti 80 ake yi, kuma ƙarar haɗuwar ƙirji da kafaɗa har saman benci ana jinta.

Sai dai ni alƙalin wasan ne ya ɗauke mini hankali. Siriri ne, in ka tsayar da shi kusa da 'yan gaban nan masu nauyin fiye da kilo 100 sai ka tausaya masa. Bakinsa ba ya hutawa. Duk kamu sai ya ƙirga da ƙarfi, ya ce an riƙe, ya ce a sake shi, ya kira ɗan wasa da sunansa na yanka ya ce ja baya, domin dole masu tsaro su koma mita 10 bayan kowane kamu, kuma shi ne ke tsayawa a kan layin don su gane iyakarsu. In an kai kamu na biyar sai ya ɗaga hannu sama, yatsu a buɗe, kowa ya san saura ɗaya. Yana gargaɗi tun kafin a yi laifi, shi ya sa idan usur ya yi ƙara da wuya mai laifi ya ce bai ji ba.

Can cikin zagaye na farko ya busa wa wani ƙato laifin danne mutum fiye da kima. Ƙaton ya miƙe, ya watsa hannuwa, ya furta wata magana. Alƙali bai tanka ba. Ya sake busawa, ya taka mita 10 zuwa wajen gidan su ƙaton, ya nuna sabon wurin bugu. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Abokan wasansa ne ma suka ja shi baya suna yi masa faɗa, don shi ya jawo musu asara. Da ya ƙara, katin gargaɗi zai gani, kuma a nan katin gargaɗi ba ado ba ne, minti 10 mutum zai yi a benci 'yan'uwansa 12 suna shan wuya. Kyaftin ne ke da bakin tambaya, shi ma sai wasa ya tsaya, kuma da kalmar girmamawa irin wadda ɗalibi ke kiran malaminsa da ita yake farawa.

Na tuna filinmu na Malkohi, inda samarin gari da 'ya'yan baƙinmu na Gwoza da Madagali, waɗanda rikici ya koro tun 2014, ke taka leda da la'asar. Yaran akwai ƙafa, ba laifi. Amma neman wanda zai riƙe usur ranar wasan ƙarshe ya fi neman kuɗin kofi wuya, saboda kowa ya san bugun fenareti ɗaya kan iya sa alƙali ya koma gida ta cikin gonaki. A gidajen kallo na Jimeta kuwa, alƙalin da ke Madrid ma ba ya tsira daga bakinmu. Ba kuma za a ce alƙalanmu duka salihai ne ba. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki da aka yi a Bauchi, Police Machine ta nan Adamawa ta ci wata ƙungiyar Gombe 67 da nema, a daidai lokacin da Plateau United Feeders ke cin Akurba 79 da nema. Hukumar NFF ta dakatar da ƙungiyoyin shekara 10, ta haramta wa 'yan wasan da jami'an wasan harkar har abada. Har yau ina mamakin numfashin mutumin da ya busa usur sau 67 bai tsaya ya tambayi kansa ba.

Kada a ɗauka 'yan kallon Headingley waliyyai ne. Akwai kalma ɗaya da suke kwararawa baki ɗaya, dubbansu, duk sanda abokin hamayya ya miƙa ƙwallo: wai gaba ya jefa. Dattijon da ke kusa da mu, wanda ya ce tun yana riƙe da hannun mahaifinsa yake zuwa filin, ya fi kowa ƙarfin murya. Da aka tafi hutu na ce masa, "Baba, ni ma na ga kamar gaba ƙwallon nan ya tafi." Ya yi dariya ya ce a gaskiya alƙali ne da gaskiya, shi dai ihu aikinsa ne. Dokar ba ta duba inda ƙwallo ya sauka a ƙasa, tana duba inda hannun mai jifa ya nufa. Ka ɗauka direban Keke Napep ne a kan titin Yola zuwa Jimeta ya cilla wa fasinjan baya lemo: a wurinsu lemon baya ya tafi, amma mai tsaye a bakin titi zai rantse gaba ya yi, don keken na tafe da shi. Haka mai gudu da ƙwallo. Shi ya sa kyamara ke ruɗin ido a nan, aka kuma hana alƙalin bidiyo tsoma baki a wannan batu. An bar shi ga idon mai usur da masu tuta, kuskure ko daidai.

Alƙalin bidiyo kuwa sun riga 'yan ƙwallon ƙafa samunsa da fiye da shekara 20, tun da aka buɗe gasar Super League a 1996. Na ga aikinsa a daren. An yi cunkoso a lungun fili, wani ya yi tsalle ya dangwala ƙwallo, ƙafarsa na shawagi a saman layin gefe. Alƙali ya zana akwati a iska da hannuwansa, sannan ya nuna nasa ra'ayin cewa an ci. Ƙa'idar a kakar da na je ita ce na cikin ɗaki ba zai rushe wannan ra'ayi ba sai ya sami hujja bayyananna. Abin da ya burge ni shi ne babban allon filin yana nuna mana hoton da alƙalin bidiyon ke kallo, a gaba a baya, a hankali, har ka ga farin alli ya tashi ko bai tashi ba. Babu ɓoye-ɓoye. Mai tikitin tsaye da shugaban ƙungiya abu ɗaya suke gani. Da hukunci ya fito a allon rabin fili ya yi sowa, rabi ya yi tsaki, aka ci gaba. Ranar Litinin kuma wani kwamiti yakan sake duba wasannin mako, ya wallafa sunan duk wanda ake tuhuma da girman laifinsa.

Duk da haka akwai hukuncin da ba ya mutuwa. Da ɗan yayana ya ambaci Bradford, sai wani mutum a bayanmu, ɗan asalin can, ya saka baki, kuma kafin shayinmu ya huce an koma 2002. A wasan ƙarshe na shekarar, a Old Trafford, gaban mutum fiye da 60,000, Sean Long na St Helens ya buga ƙwallo mai maki 1 saura ƙasa da minti guda, aka koma 19 da 18. A daƙiƙun ƙarshe kyaftin ɗin St Helens, Chris Joynt, ya karɓi ƙwallo ya zube ƙasa a gaban 'yan Bradford. Dokar ta hana ɗan wasa faɗuwa da gangan ba tare da an riƙe shi ba, kuma da an busa, Bradford za ta sami bugu mai maki 2, wato damar cin kofi. Alƙali Russell Smith bai busa ba. Ɗan Bradford ya ce ƙwace aka yi musu ƙiri-ƙiri. Dattijonmu ya ce dokar da kusan ba a taɓa busawa ba, wane alƙali ne zai tono ta a daƙiƙar ƙarshe ya ba da kofi da ita? Ni dai na fi karkata ga ɗan Bradford, don dokar da aka rubuta ba ta san agogo ba. Amma na lura da yadda suke gardamar: kowa ya haddace lafazin dokar, kan niyyar Joynt suke saɓani, kuma babu wanda ya ce an sayi alƙali.

Na Ostareliya ya fi wannan ciwo. A wasan ƙarshe na 6 ga Oktoba 2019 a Sydney, Canberra da Sydney Roosters suna 8 da 8, saura kamar minti 10, alƙali Ben Cummins ya kaɗa hannu alamar Canberra ta sami sabon zubin kamu shida, don ya ga kamar ƙwallo ya taɓa ɗan Roosters. Mataimakansa suka gyara masa, ya sauya nan take yana kiran kamun ƙarshe ne. Jack Wighton na Canberra, da ya riga ya ga alamar farko, ya bari aka kama shi, ƙwallo ya koma hannun Roosters, ba a jima ba ɗan wasansu James Tedesco ya ci, aka tashi 14 da 8. Hukumar gasar ta ce hukunci na biyu shi ne daidai. To amma ɗan wasa da alamar farko ya yi aiki, kuma Canberra rabonta da kofi tun 1994. Kocinta Ricky Stuart, mutumin da aka sani da zafin baki, ya zauna gaban 'yan jarida a daren ya ƙi ɗora wa alƙalai laifi.

Ɓata-gari ma akwai su. A wannan shekarar ta 2019 wani mai goyon bayan Warrington ya yi wa alƙali Robert Hicks barazanar kisa a intanet. Hicks ya yarda aka haɗa su ido da ido, suka yi magana. Daga baya aka ba shi wasan ƙarshe na kofin Challenge a Wembley tsakanin Warrington ɗin da St Helens, kuma tun farkon wasa ya ƙi tura wa bidiyo wani dangwale na Morgan Knowles, ɗan St Helens, wanda hoto ya nuna kamar mai kyau ne. Warrington ta ci 18 da 4. Shugaban St Helens, Eamonn McManus, ya caccaki lamarin a rubuce, hukuma ta ci shi tara. Shugaban babbar ƙungiya guda.

A harabar Wembley ɗin nan akwai mutum-mutumin gwarazan wasan su biyar, ɗaya daga cikinsu Martin Offiah ne, haifaffen Landan, iyayensa 'yan Nijeriya, wanda Wigan ta saya fam 440,000 a 1992. Nijeriya ma tana da ƙungiyar ƙasa, har ta ci kofin yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas a 2019, ko da yake a Jimeta da wuya ka sami wanda ya ji labari.

Ranar Lahadi da hantsi muka bi ta wani filin unguwa a gefen Leeds, yara 'yan shekara goma zuwa sha biyu suna wasa cikin taɓo. Alƙalin kansa yaro ne, gemu bai fito masa ba. An ja igiya an tsayar da iyaye a bayanta. Da ya busa wa wani yaro laifin sakin ƙwallo gaba, uban yaron ya ɗaga murya. Wata mata sanye da rigar jami'an ƙungiya, ta ɓangaren uban ce ma, ta taka ta yi masa magana a kunne, ya koma can wajen motoci ya ƙarasa kallo daga nesa. Hukuncin kuwa, ga idona, yaron alƙali bai gani daidai ba, don ƙwallon a gwiwa ya bugu ba a hannu ba.

Na ce wa ɗan yayana idan ya gama karatu ya taho mana da littafin dokokin nan da ƙwallo biyu, mu gwada a Malkohi, tunda ƙarfi dai samarinmu ba su rasa shi ba. Ya ce, "Bappa, ƙwallo da littafi ba matsala. Igiyar ma akwai a kasuwar Jimeta. Amma usur ɗin kai za ka riƙe."