Galmi, garin albasa

Galmi tana bisa babbar hanya, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. In ka biyo ta nan da rani, za ka ga buhunnan albasa jere, manyan motoci suna lodi zuwa Gana da Abijan.

Amma ko ganyen albasa ba a zubda shi a nan. Mata suna daka shi, su dunƙula, su shanya. Shi ne gabu. Da damana, in albasa ta yi tsada, gabu ke gyara miya.

Manomi, kai ma kada ka kai dukan amfanin garkarka kasuwa. Rage na tukunya. Tuwon hatsi da miyar ganye suna ƙara ma yara ƙarfi.